Gashin Roba a Ƙofar Jami'a

Sana'ata ɗinkin hular gashi ce, a wani lungu na Istanbul da rana ba ta cika shiga ba. A da masu wasan kwaikwayo nake yi wa, sai matan da maganin ciwon daji ya zubar wa da gashi. Shekarar da jami'o'i suka hana shiga da ɗankwali sai ga ɗalibai suna zuwa bibbiyu, suna magana ƙasa-ƙasa. Dabarar ita ce yarinya ta ɗaure kanta da siririn kallabi, ta ɗora hular gashi a kai. Mai gadi ya ga gashi, ita kuma ba ta nuna nata ba. Ciniki ya buɗe mini, ban yi murna ba, ban kuma yi baƙin ciki ba.

Gulizar 'yar yayata Mukadder ce. Ilimin harhaɗa magunguna take karantawa, jarrabawa ɗaya ta rage mata, wadda in ba ta zauna ba karatun ya tashi a banza. Ubanta ya ce ta haƙura ta zauna a gida. Uwarta ta ce ta cire kawai, Allah ya san lalura. Malamai biyu ta tambaya, kowanne da amsarsa. Sai ta zo wurina, ta zauna gaban madubi ta kwance ɗankwalin, tunda ni kawunta ne.

Na ɗauko mata wadda ta fi kowacce kyau, baƙa sidik, gashin mutum na gaske. Ta zauna mata daram. Na ce ko uwarta ba za ta gane ba. Ta daɗe tana shafa shi, shayin da na kawo mata har ya huce.

"Kawu, gashin wace ce?"

Na gaya mata wani mutum ne yake yawo ƙauyukan bakin Baƙin Teku yana saye, ni a ƙulle yake zuwar mini, ba suna.

"Matan can ai suna rufe kai."

"Suna rufewa."

"Wato ita ta ɓoye shi tun tana yarinya, ni kuma in ɗauka in kai wa maza su kalla."

Na ce ai sayarwa ta yi, ya bar kanta, ya zama kaya kamar ulu. Ta ce in haka ne ta yanke nata in ɗinka mata, shi ma ya zama ulu. Na shekara da shekaru ina taje gashin matan da ban taɓa gani ba, tambayar ba ta taɓa zuwar mini ba.

Ta miƙe ta duba kantar da nake jera hulunan, ta zaro wata ta roba, ja, mai ƙyalli, wadda na yi wa wani wasan barkwanci aka fasa karɓa, ta ɗora a kai. Na gargaɗe ta cewa roba santsi gare ta, ba ta kama kallabi, kuma an fara korar duk wadda aka hango ƙyalle a ƙarƙashin gashinta.

"Kin zama kamar tsintsiyar da aka tsoma a miya," na ce.

"Gara haka, Kawu. Wannan dai ba ta kowa ba ce."

Ranar jarrabawa da safe na raka ta. Muka haye ruwa a jirgin fito, na saya mata gurasa mai riɗi, ta riƙe ba ta ci ba. Daf da ƙofar jami'a akwai wata rumfar mai sayar da jarida, a bayanta 'yan matan suke sauyawa, ɗaya na kare ɗaya da riga. Gulizar ta fito da jan gashinta. Wasu samari suka yi dariya, ɗaya ya tambaye ta ko gobara ce ta tashi a kanta. Ba ta waiga ba.

Mai gadin dattijo ne mai furfura a gashin baki. Ya dube ta, ya dubi katinta, ya sake dubanta.

"'Yata, ni an ce in ga gashi. Na gani. Wuce."

Na zauna a gidan shayin da ke tsallake. A teburin kusa da ni mutum biyu suna musu, ɗaya yana cewa ƙasa ta kowa ce, don haka kada a shigo da alamar addini cikin aji, ɗayan yana cewa in ta kowa ce ai har da mai ɗankwali. Na saurara, na ga duk wanda ya yi magana a ƙarshe shi nake bai wa gaskiya. Suka biya kuɗin shayinsu suka tafi tare.

Bayan azahar ta fito. Hular ta karkace, ga kallabin a dunƙule cikin hannunta. Ta ce tana sunkuyawa kan takarda hular ta zame, gefen ƙyallen ya bayyana. Malamar da ke sa ido ta zo ta tsaya a kanta, ba faɗa, ta ce ko ƙyallen ya fita ko mai shi ta fita. Sai Gulizar ta sa yatsu ta zare shi daga ƙarƙashi, ta ci gaba da rubutu. Ta amsa duka tambayoyin, tana ganin za ta ci.

Na ce alhamdu lillahi. Ita ma ta faɗa, kamar mai karanta lambar mota.

Muka wuce rumfar mai jaridar ba ta tsaya ba. A cikin jirgi ta zauna jikin taga, silin gashinta baƙi ya leƙo ta bayan kunne, ƙarƙashin jan.

"Kawu, yau na buɗe kaina ko ban buɗe ba? Kai ne mai sana'ar."

Na ce ban sani ba.

Ta gyaɗa kai. Ɗankwalinta yana cikin jaka a kan cinyarta, hannunta a kan zif ɗin, har jirgi ya kai gaɓa mutane suka fara sauka.