Burushin Baba da Allon Mai Takalma

Kwana uku Auta tana fama da tsara rubutun allon shagon wani mai takalma. Mutumin ya ce rubutun burushi yake so, mai kaushi-kaushi, kamar da hannu aka ja shi a gurguje. Ta tara samfurin haruffa sun fi talatin a kwamfutarta, amma ko ɗaya bai kwanta mata ba.

Ta ɗauki kwamfutar ta sami Baba a falo. Shekara arba'in ya yi yana rubuta allunan shaguna da fenti, sai bara hannunsa ya fara rawa, ya tattara burusansa a kwali ya tura ƙarƙashin gado. Tun daga nan mutum mai barkwanci ya koma shiru-shiru, abin kuwa yana ci wa Auta rai.

"Baba, zaɓar mini ɗaya."

Ya gyara tabarau ya leƙa. "Wannan tsagewar ta gefen harafin, da gangan aka yi ta?"

"Ai ita ake saye yanzu."

"Ikon Allah. Abin da maigidana ke dungure mini kai a kansa." Ya yi dariya har da tari. Ya sa ta yi ta wucewa, kowanne sai ya samo masa aibu. Can ya dangwala yatsa a kan kalmar Takalma. "Dubi 'a' ɗin nan guda uku, kamar da hatimi aka buga su. Wane hannu ke yin haka? Kuma burushi ba ya bushewa a farkon kalma, sai a ƙarshe in fenti ya ƙare masa."

Auta ta gane sarai, amma 'yar duniya sai ta langaɓe kai. "Ni fa ban gane ba."

"Duk da digirin naki?"

Ya miƙe yana mita. Sai ga shi da kwalin, da farar takarda mai kauri ta cikin sabuwar riga, da ragowar fentin ƙofa. Ya tsoma burushi sau ɗaya ya ja kalmar Takalma. Hannun na rawa, burushin na tafiya abinsa. Rubutun ya fara da kauri, ya ƙare a tsattsage, kowane 'a' da irin tsayuwarsa.

Ya sake tsomawa zai gyara gefe kamar yadda ya saba, Auta ta fizge takardar ta ɓoye a baya. Ta ɗauki hoto ta tura wa mai takalma. Kafin fentin ya bushe amsa ta iso, ta karanta da ƙarfi: "Wannan nake so. Mene ne sunan samfurin?"

Murna ta cika ta har idonta ya kawo ruwa. Baba ya daɗe yana kallon hannunsa, sannan ya matse gashin burushin da tsumma.

"Ce masa hannun babanki ne," in ji shi. "Ki kuma tambaye shi faɗin allon, in san wane burushi zan jiƙa."