Harafi Tara a Kwance

Karo na uku ke nan Tela yana farke hannun rigar nan. Ya haɗa shi a baibai, ya warware, ya sake haɗawa a baibai. Ya ture keken ɗinkin, ya zaro takardar daga aljihu ya kuma dubawa, sai ka ce bai haddace ta ba tun shekaranjiya: "Tagwaye ne, ƙusa ɗaya ta haɗa su, duk abin da ya shiga tsakaninsu sai ya rabu biyu. Harafi tara, a kwance."

Ta bayan bangon shagon yana jin tarin Malam, kuma tarin yau ya fi na jiya tsawo.

Malam tsohon ma'aikacin maɗaba'a ne. Tun da ya bar aiki shi ke tsara wa wata jaridar mako wasan cike gurabe, irin mai akwatuna baƙi da fari, a ba ka tambaya ka zuba amsa harafi ɗaya a kowane gurbi. Yana da ƙa'idarsa: ba ya aika tambaya sai Tela ya gwada ta. In Tela ya canka nan take, ta yi arha, a yage. In ya kwana biyu kafin ya gane, ta nuna. Shekara goma sha ɗaya suna haka, har Malam kan faɗa wa baƙi cewa maƙwabcinsa ya fi masu digiri kai.

Gaskiyar maganar kuwa, Tela bai taɓa canka ko ɗaya da kansa ba. Ina shi ina sanin tekun da gishiri ke hana mutum nutsewa, ko ƙashin da ya fi kowanne tsawo a jiki? Abin da ya sani shi ne Malam yana ajiye takardar amsa ƙarƙashin rediyo a bakin taga, kuma kullum yakan shiga ciki ɗauko shayi ya daɗe. Tela ya ɗaga rediyo, ya leƙa, ya mayar. Sai ya bar kwana biyu su wuce, ya dawo yana shafa gemu ya ce, "Gamzaki." Malam ya buga cinya don murna. Da fari abin kan dame shi, daga baya ya zame masa jiki.

Wannan karon babu komai ƙarƙashin rediyon sai ƙura. Malam yana kwance ya miƙo masa tambayar, ya ce ita ce ta ƙarshe a shafin, amsar kuma tana cikin kansa. Likita ya riga ya gaya wa 'yar Malam, wadda ta baro aikinta ta zo jinya, cewa kwanaki ne suka rage.

Tela ya kasa zama. Ya leƙa titi, ya dawo, ya ɗauki tef ya ajiye. Sau ɗaya dai yake so ya kai wa tsohon amsar da ta fito daga kansa, kafin a makara. Ya gwada "ƙofofi", ta gaza harafi. Ya yi tunanin idanu, ya yi tunanin leɓuna, to wace ƙusa ce ta haɗa su? Mai gyaran waya na kusa da shi ya ce ya kawo a tambayi waya, minti ɗaya an gama. Tela ya miƙa takardar, sai kuma ya janye hannu. Matarsa ta ce tun da ta aure shi ba ta taɓa ganin ya bar abinci ya huce saboda takarda ba.

Da yamma ya shiga gaida Malam. Ɗakin na warin man zafi, fanka na juyawa a hankali, tsofaffin jaridu jibge har kusa da silin, fensirori a cikin gwangwanin madara duk an fiƙe su. Tsohon ya buɗe ido ɗaya.

"Tela, an samu?"

"Saura kaɗan, Malam. Tana bakina."

"To tofo ta mana." Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Da ya lafa ya ce, "Kada ka je nesa. Kai kullum nesa kake zuwa."

Tela ya so ya faɗa masa maganar rediyo a lokacin. Ya dubi tagar, ya dubi tsohon, kunya ta riƙe masa harshe. Ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya fita.

Washegari da hantsi yana kan keke, ƙafa na taka feda ba zare a allura, ya ji tarin ya tsaya. Ya saurara. Sai kukan 'yar Malam ya biyo baya, ƙasa-ƙasa. Bai san lokacin da ya miƙe ba.

Kafin azahar 'yar Malam ta shigo shagon da farin yadi a hannu, idanunta sun kumbura. Ta ce, "Kawu, Baba ya ce kai za ka yanka masa likkafani, kada a kai wa wani."

Ya share tebur, ya shimfiɗa yadin, ya auna. Ya kai hannu ya ɗauki almakashi, ya buɗe bakin almakashin a gefen yadin. A nan ya tsaya. Ga ƙarfe biyu iri ɗaya, ga ƙusar a tsakiya wadda shi da kansa yake ɗaure ta duk mako in ta saki. Ya ƙirga haruffan da yatsu, leɓensa na motsi. Tara cif. Kwana huɗu abin yana hannunsa daga safe har yamma.

Ya zauna a kan benci. Ya ce mata shi fa ba abin da mahaifinta ya ɗauka ba ne, ya fara ba ta labarin rediyo. Ba ta bari ya kai ƙarshe ba.

"Ya sani, Kawu. Don kai yake ajiyewa a wurin. Shayin ma a filas yake, tsayawa kawai yake yi a bayan labule har ka gama. Ya ce in bai bar maka ba, za ka ji kunya ka daina shigowa, shi kuma ba shi da wanda zai yi wa shayi." Ta goge ido da gefen mayafi. "Wannan ce kaɗai ya hana a ajiye. Ya ce ita taka ce."

Tela ya tashi ya yanka yadin, a miƙe, hannunsa bai karkace ba.

Bayan an dawo daga maƙabarta ya shiga ɗakin. An kashe fankar, an naɗe katifar. Shafin yana kan tebur, layi ɗaya fari fat a tsakiyarsa. Ya zaro fensir daga gwangwanin, ya cika gurabe tara ɗaya bayan ɗaya da rubutunsa na masu awon riga. Sannan ya ɗaga rediyon, ya sa takardar a ƙarƙashi, ya mayar da shi daidai kan shatin ƙurarsa.