Ƙararrawar Sanda

Tasalla tana tsugune bakin rijiya tana wanke tukunyar koko, Gwaggo ta yi sallama ta shigo ba ta jira amsa ba. Yayar marigayi Sanda ce, kowa a gidan Gwaggo yake ce mata, har Tasalla.

"To, sun tafi," in ji ta. "Tun da aka fito masallaci. Na gan su a bakin tasha, layi ɗaya kamar tururuwa."

Tasalla ba ta ɗago ba. "Allah ya kai su lafiya."

"Har da ɗanki."

Soson ya tsaya a hannunta.

"Ba shi da ƙararrawa, Gwaggo. Jiya ya birkice ɗakin nan kaf bai gan ta ba."

"Ya ari ta mai facin ƙofar gida. Wata 'yar mitsitsiya mai kukan tsako. Kuma Malam Jibo jagoransu ya sa shi a baya, wurin ubansa." Gwaggo ta ƙura mata ido. "Ke Tasalla, ina ƙararrawar ƙanena?"

Tun kafin a ɗaura wa Tasalla aure da Sanda ake wannan tafiya. In kaka ta yi, aka ɗaure dawa aka sa masara a rumbu, sai manoman Malumfashi da na Kafur masu keke su haɗu, su ɗaure buzu da buta da garin kwaki a kariya, su kama hanyar Funtua, su bi ta Gusau, har Sakkwato ziyarar Hubbare. Inda rana ta faɗi musu nan za su kwana. Malam Jibo ke gaba, shi ya san ramuka da kwanonin hanya. Sanda, Allah ya jiƙansa, shi ke baya kullum, da jan ƙyalle a kafaɗa da ƙatuwar ƙararrawar tagulla da wani maƙeri ya yi masa a Bakori. Mai keke ba ya ganin abin da ke bayansa, ba ya kuma jin mota da kyau in iska na kaɗa masa kunne. Saboda haka na baya shi ne idonsu. In ya buga sau ɗaya, a koma layi. In ya yi ta bugawa ba tsayawa, kowa ya sauka daga kwalta, ba waiwaye, ba tambaya. Muryar ƙararrawar mai kauri ce, ba ta kama da ta kowa.

Da damina ciwon ciki ya ɗauke Sanda. Makon jiya Tasalla ta fita takaba. Da ta ji Abdussamad zai bi ayarin bana, zuciyarta ta tsinke. Shi ne ɗanta na fari, magidanci mai 'ya'ya biyu, amma tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa ce masa sannu da baki mai daɗi a gaban mutane ba. Haka ta tarar ana yi, haka ta yi. Ta yaya za ta dube shi ta ce kada ka tafi, ina tsoro, kai kaɗai ka rage mini? Bakinta ba zai iya ba. Sai ta kwance ƙararrawar ta cusa cikin buhun wake. A tunaninta in babu ita, babu tafiya.

Tasalla ta ajiye soson. Ta shiga ɗaki, ta tura hannu cikin waken har gwiwa, ta zaro abin, ta naɗe a gefen zane ta zura hijabi.

"Au," in ji Gwaggo. "Kin hana shi garkuwa, ba ki hana shi yaƙi ba. Yi sauri, in Allah ya so ki same su kafin Funtua."

A tasha ta sami bas ɗin Funtua saura mutum ɗaya. Ta samu wurin taga a kujerar bayan direba, kusa da wata mata mai kaji biyu a cinya. Ranar kasuwa ce, hanya cike da manyan motocin hatsi, babura na kutsawa tsakani da buhuna bibbiyu.

Direban, Shitu suke ce masa, mutum ne mai surutu. Da suka wuce Bakori ya rage gudu ya nuna gaba da haɓa.

"Ga 'yan ziyara can. Ku dubi tsari don Allah! Wallahi sojoji ma albarka."

"Wahala dai," in ji wani mai babbar riga a kujerar gaba. "Ga mota, mutum ya ce sai ya taka ƙarfe har Sakkwato?"

"Alhaji, kai da cikinka ko Kabomo ba za ka kai ba." Aka yi dariya. "Ni tun ina yaron mota nake haɗuwa da su. Ba su taɓa jera biyu a kwana ba. Ba su tafiya bayan magariba. In ɗaya ya yi faci, duk su tsaya. Akwai wani dogo da ke bayansu, Malam Sanda, shi in ya ji mota sai ya ɗan leƙo tsakiyar titi don ka gan shi, ya ɗaga ma hannu, sai mutanensa sun shige sannan ya kauce. Da jikinsa yake tare musu. Na ji an ce ya rasu."

"Allahu akbar," in ji mai kaji. "Allah ya jiƙan Musulmi."

Tasalla ta ce amin a cikin hijabi. Shekara da shekaru tana tsayawa ƙofar gida ta ga bayansa shi ne na ƙarshe. Ta ɗauka don ya fi kowa nauyin ƙafa ne. Har tsiya take yi masa, ta ce Malam, yaushe za a ƙara ma girma ka koma gaba? Sai ya yi dariya ya ci gaba da goge sarƙa.

Suka iso bayan ayarin a wata gangara. Ta hango ɗanta. Jan ƙyallen a kafaɗarsa, wuyansa sak na ubansa, yana waiwaye yana tafiya. Ya ga bas ɗin, ya kaɗa 'yar ƙararrawar aro. Ko ita da ke kusa ba ta ji ba. Ya buɗe baki ya yi ihu, "Layi! Layi!" Muryar ta riga ta dishe. Na kusa da shi suka matsa gefe, na gaba can suna ta tafiyarsu.

Shitu ya fara wuce su a hankali. Sai ya kalli madubi, fara'arsa ta ɗauke.

"Innalillahi. Wannan na bayanmu ba ya taka burki."

Tasalla ta juya. Gingimari ce shaƙe da masara, ta biyo gangarar tana girma, fitilunta na ƙyaftawa da rana tsaka. Daga gaba kuma wata motar na tahowa. Shitu ba shi da inda zai shiga sai gefen da masu keken suke.

"Ku yi musu magana!" ya ce yana danna ham. Amma ham a wannan hanya ya zama kamar kukan kaji, kowa yi yake, ba wanda ya juyo. "Wa ya san sunan na bayan nan? A kira shi!"

Sunan ya zo mata har maƙoshi ya tsaya. Hannunta ne ya riga bakinta. Ta zaro ƙararrawar ta miƙa ta taga, ta sa babban yatsa ta yi ta bugawa, ta yi ta bugawa.

Ba wanda ya waiwaya. Daga na ƙarshe har Malam Jibo can gaba, kekuna suka zube daga kwalta zuwa cikin ciyawa kamar an ja su da igiya ɗaya, tsofaffi da samari, wasu har cikin kunyoyin gona. Shitu ya shige inda suka bari. Gingimarin ta wuce da iskar da ta girgiza bas ɗin, ta bar warin taya, ta tafi tana rangaji har hawa ya riƙe ta can nesa.

Kaji na ta kuka a motar. Alhajin gaba yana ta salati.

"Baba," in ji Shitu, ya juyo yana kallon abin da ke hannunta, "ina kika sami wannan?"

"Buɗe mini ƙofa," ta ce.

Masu keken suna fitowa daga ciyawa suna kakkaɓe ƙaya. Ba motar suke kallo ba. Waige-waige suke, kamar masu neman wani. Malam Jibo ya taho yana tura kekensa, farin gemunsa na rawa. Da ya ga Tasalla ya tsaya.

"Maman yara, ke ce? Wallahi na ɗauka…" Bai ƙarasa ba. Ya cire hula ya share fuska ya mayar. "Ƙafafuna ne suka ji, ba ni ba."

Abdussamad ya zo ya durƙusa gefe, kansa ƙasa. Gwiwar wandonsa ta yage, jini kaɗan.

"Inna, ina wuni. Lafiya kika fito?"

Ba ta dube shi ba. Malam Jibo ta kalla.

"Malam, me ya sa kuka sa wannan a baya? Bai taɓa zuwa ba."

"Ya taɓa yi mana rakiya, bai dai kai Sakkwato ba. Ai ba ragon keke ake sa wa a baya ba, Maman yara. Wanda ba zai iya barin mutum a hanya ba ake nema. Mun duba duk cikinmu." Ya yi ɗan murmushi. "Amma in kin ce ya koma, yanzu ya ɗora kekensa a motar nan. Ba mai cewa komai."

Shitu ya leƙo ta taga. "Akwai wuri a sama, Baba."

Tasalla ta tsaya da ƙararrawar a hannu. Wurin da yatsan Sanda ke zama ya yi sumul, ya fi sauran haske. Ƙwayar wake ɗaya ta maƙale a jikin noti, ta sa farce ta cire.

Ta ajiye ta a kan sirdin kekensa.

"A gaya wa wannan ya ɗaure ta da kyau," ta ce wa Malam Jibo. "Ubansa ƙyalle yake sawa a ƙarƙashi don kada ta juya."

Abdussamad ya yago bakin jan ƙyallen ya naɗa, ya ɗaure notin da tsinin wuƙa.

Ta ce wa Shitu ya tafi, za ta tsallaka ta jira motar Malumfashi. Ayarin ya hau kwalta ɗaya bayan ɗaya, Malam Jibo a gaba. Ta tsaya ƙarƙashin wata ɗorawa tana kallo har suka kai kwana, jan ƙyallen shi ne na ƙarshe da ya shige.

Wata motar hatsi ta wuce ta, ta nufi kwanar. Tasalla ta riƙe numfashi.

Daga bayan gonakin dawa ta ji ƙararrawar, sau ɗaya, mai kauri.