Gayyar Neman Mabuɗin Erkin

Erkin ya rasu a hanyar dutsen Kamchik, motar haya ce ta zame da su a kan ƙanƙara. Ya bar matarsa Zumrad da 'ya ɗaya, da tsohon ubansa masaƙin alharini, Tolib ota, wato Baba Tolib a yarenmu, da wata kwamfuta da ya kulle gam. Na san halinsa, don unguwarmu ɗaya a Margilan, kuma a shagona ya koyi taɓa kwamfuta kafin ya yi mini fintinkau. Mutum ne da ko hoton kyanwa zai ajiye sai ya datse shi da kwaɗo. Na sha yi masa tsiya a kan haka, shi kuwa sai dai ya yi dariya.

Bayan an share makoki sai ga Tolib ota a shagona, ya rungumo na'urar a naɗe cikin mayafin shimfiɗa abinci.

"Nodir, ɗana, Zumrad ta ce akwai hotonsa mai motsi a ciki. Wai ya ɗauki kansa da ɗan idon nan na saman allo. Ni hotunan bikinsa kawai gare ni, ya tsaya ƙiƙam kamar an kai shi aikin soja. So nake in ga yana motsi."

Ya sassauta murya ya gaya mini sauran. Ciwon suga ya riga ya cinye masa idon hagu, na dama kuma likita ya ce da wuya ya kai bikin Navruz na ƙarshen hunturu. Na ji zuciyata ta karye, domin a lokacin ganyen itatuwa ya fara zuba.

Na yi masa bayani yadda zai gane. Mabuɗin wata doguwar lamba ce, kuma ba dabarar da ta wuce a yi ta gwada lambobi ɗaya bayan ɗaya har a dace. Kwamfutocin shagona kaɗai sai su shekara da shekaru suna yi. Sa'ar da muka yi ita ce kwaɗon tsohon yayi ne. In aka sami na'urori da yawa, kowace aka yanka mata rabonta na lambobi, watakila a dace cikin 'yan watanni.

"Ashe gayya ce," in ji shi. "To me ya hana ka faɗa tun farko?"

Shugaban makarantar unguwa, Ismat aka, wato Yaya Ismat, shi ya fara kawo cikas. Yana da ɗaki guda cike da kwamfutoci, amma ya ce fasa sirri laifi ne, ba zai ƙare aikinsa a gidan yari ba. Dole muka kwasa muka tafi gidan Mukaddas opa, wato Anti Mukaddas, tsohuwar lauya, muka same ta tana ɓare rumman a tsakar gida.

"Ismat, tun kana yaro kake da tsoro, har yau ba ka warke ba?" ta ce. "In ubanka ya mutu ya bar akwati, mabuɗi ya ɓace, ka kira maƙeri ya ɓalle kwaɗon, wa zai kira ka ɓarawo? Laifi shi ne shiga abin wani ba izini. Wannan kuwa gado ne, magada suna raye, suna da baki."

Na fara murmushi, sai ta juyo kaina da wuƙar a hannu.

"Kai kuma rufe haƙoranka. Zumrad za ta sa hannu, Tolib aka zai sa hannu. Duk na'urar da za ta shiga, sai mai ita ya yarda da bakinsa. Kada in ji wani ya lallaɓa ya sa ta ofis a ɓoye. Kuma ɗan gutsure kawai za ka raba wa mutane su gwada a kai, wanda ba ya nuna komai. Sirrin mamaci ba na 'yan gayya ba ne."

Na fita ina ƙunƙuni, don sharaɗinta ya rage mana na'urori kusan rabi, amma gaskiya ta faɗa. Tolib ota ma ya kafa nasa sharaɗin: kada a ambaci idonsa a cikin sanarwar gayyar.

"Ba a kiran gayya da kuka," ya ce. "Wanda zai zo, ya zo don Erkin."

Aka kuwa zo. Ɗalibai daga Fergana, wani mai shagon magani a Kokand, abokan karatun Erkin a Tashkent, har da wasu daga ƙasashen da ban san inda suke ba. Kowa na yanka masa rabonsa, in na'urarsa ta gama ta aiko ta wayar tarho cewa babu, in ba shi wani. Tolib ota ya ɗauki abin yadda aka saba, wato mai gayya shi ke ciyarwa. Duk Alhamis sai ya turo babban faranti na shinkafar osh shagona, ya zauna a kujerar bakin ƙofa yana sauraron gurnanin na'urori.

"Suna dai yi ko?"

"Suna yi, ota."

"Sannunsu," sai ya ce, ya ɗaga musu kofin shayi.

Cikin 'yan Tashkent akwai Bahodir, aminin Erkin tun jami'a. Bai sami zuwa jana'iza ba, yana wajen aiki a Rasha, kuma abin yana cin sa. Shi ya roƙi rabo mafi girma. Da farko sakamakonsa yana zuwa a kai a kai, sai tsakiyar hunturu ya ɗauke ɗif. Na buga masa waya a wurin aiki.

"Bahodir aka, lafiya? Rabonka ya tsaya."

"Ana nan ana yi, Nodir, kada ka damu," ya ce, har da wata 'yar dariya. "Ina nan tafe da kaina."

Ban kawo komai a raina ba, layin tarho a lokacin lalacewarsa ta fi aikinsa yawa. Na dai gaya wa Tolib ota cewa zan ba wani rabon ya ƙarasa. Tsohon nan ya ɓata rai yadda ban taɓa gani ba.

"A gidan wa ka ga an yi haka? Mutum ya ɗauki bangonsa a gayyar gini, ka zo ka karɓe ka ba wani, yana raye? Ai ka zage shi ke nan. Rabon Bahodir na Bahodir ne."

Rabo ɗaya ne cikin ɗaruruwa, ban ga dalilin saɓa wa dattijo a kansa ba. Muka ci gaba da niƙa sauran.

Idon kuwa bai jira Navruz ba. Wata safiya Tolib ota ya tambayi Zumrad me ya sa ba ta ɗaga labule ba, alhali rana ta cika ɗakin. Da kanta ta zo shago ta gaya mini, tana tsaye ba ta ko zauna ba. Na ce a kashe na'urorin? Ta ce ota ya ce a bar su, mutane sun riga sun sa hannu a aiki.

Dusar ƙanƙara ta narke, hanyar Kamchik ta buɗe sosai, sai ga Bahodir. Ina gidan Tolib ota ranar. Tun daga ƙofa muka ji muryarsa.

"Albishirinku, ota! Albishirinku! A fito da tukwicina!"

Ya shigo da fara'a har kunne, yana zuba labari. Wai tun tsakiyar hunturu na'urarsa ta dace. Yana ganin lambar a allo ya yi wuf ya zare wayar tarho don kada ta aiko mini. Labari irin wannan, in ji shi, ba waya ce za ta kai wa uban Erkin ba. Bai zo jana'iza ba, to ba zai shigo gidan nan hannu rabbana ba. Ya haddace lambar, ya jira hutu, hutu ya zo hanya ta toshe, ya sake jira.

Yana cikin magana ya miƙa hannu biyu. Tolib ota ma ya miƙo nasa, amma can gefe, wajen da ba kowa. Na ga fara'ar Bahodir ta zube. Ya dube ni, na kau da kai, don da na buɗe baki a lokacin da na faɗi abin da ba zai gyaru ba.

"Zumrad, kawo rigar," in ji tsohon.

Sabuwar rigar sanyi ce mai auduga, ya saƙa ƙyallenta da hannunsa tun yana gani, ya ajiye wa duk wanda zai kawo albishir. Bahodir ya ja da baya yana girgiza kai.

"Ota, don Allah... ban sani ba. Ba wanda ya gaya mini."

"Ni na hana a gaya maka. Matso. Mai albishir ba ya fita haka nan."

Ya lalubo kafaɗunsa ya yafa masa. Bahodir, ƙato da furfura a gemu, ya tsaya cikin rigar yana kuka kamar yaro.

Na kunna na'urar, ya faɗo lambar, na buga. Ta buɗe nan take. Ga Erkin zaune da tsohuwar rigarsa ta gida, gashi a hargitse, bakinsa yana motsi. Zumrad ta toshe nata bakin da mayafi.

"Ya fito?" in ji Tolib ota. "Ƙara murya, Nodir."

Na murɗa, na duba, na sake dubawa.

"Babu murya, ota. Irin wannan kyamarar ba ta ɗaukar magana."

Tsohon ya dafa wurin da ke kusa da shi.

"Bahodir, zauna nan kusa da ni. Kai ka kawo, kai za ka gani mini."

Bahodir ya durƙusa, ya share fuska da hannun rigar.

"Yana gyara zama, ota. Yanzu yana sosa ƙeya. Ya ɗauki shayi, ya ƙona shi, ya ajiye... yana dariya."

"Da ka yake yi ko da kafaɗa?"

"Da kafaɗa."

"Shi ne. Ina yake kallo?"

"Nan yake kallo, ota. Ku yake kallo."

Tolib ota ya miƙe zaune, ya gyara hularsa, ya shafa gemu, ya fuskanci bangon da ke gefen allon. Zumrad ce ta tashi a hankali, ta juya allon ya dubi surukinta.