Direbar Tiram Mai Lamba 412

Mu bakwai ne muka zagaye taswira ranar Asabar da yamma, a ɗakin ƙungiyarmu ta masoya tiram da ke bayan gareji. Baƙi talatin za su zo daga Jamus washegari, mahaukatan jirgin dogon cikin gari irinmu, kuma awa biyu kacal gare su. Shugabanmu, Injiniya Kratochvil, ya dangwala yatsa yana zana hanya: daga gareji a bi ta dandalin kasuwa, a haye gada, a ƙare a tsohuwar masaƙa, inda za a tumɓuke layin dogo wata mai zuwa.

Tsarin ya yi. Garinmu ba Prague ba ne, abin kallonmu bai taka kara ya karya ba. Kuma ni zan tuƙa. Ni kaɗai na rage mai lasisin jan tsohon tiram mai lamba 412, wanda na yi shekara talatin da huɗu ina jigilar ma'aikatan masaƙa da shi. Lasisin ma ƙarshen wata zai mutu, shekaruna sun kai.

"Sai zancen hoto," in ji Injiniya.

Al'adarmu ce, a tashar ƙarshe kowa ya sauka, a jeru sahu ɗaya, wanda ya kuskura ya gifta gaban kyamara ya sha zagi. Ni ma na zagi wasu.

"Madam Vondrova, idan mun isa sai ki ɗan sauka. Na samo kakin direbobin zamanin da, har da hula. Ni zan tsaya a taga, hoton ya fito kamar na wancan zamanin."

"Ni kuma ta wane zamani ce, Injiniya?"

"Haba, minti biyar ne fa! Rigar sanyin nan taki ruwan hoda ɓata hoton za ta yi."

Oldrich, tsohon makanikenmu, har ya ƙware da giya don dariya. "Kai da ko keke sai an riƙe maka!"

Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Duk shekarun nan, a ƙanƙara da ruwan sama, ba wanda ya taɓa ɗaukata hoto a wannan taga. Yanzu da za a ɗauki na ƙarshe, sai wani ya kifa hula ya gaje ni? Na ce ban yarda ba. Ya ce a kaɗa ƙuri'a. Aka kaɗa, suka kayar da ni biyar da biyu. Na shanye kofina na ce sai ranar Lahadi.

Ranar Lahadi da hantsi na kwashe su. Baƙin nan kamar yara, wani yana shafa kujera, wani ya kasa kunne yana sauraren kukan ƙafafu a kwanar gada. Muna isa masaƙa na ja birki, suka zubo suka jeru. Injiniya ya hau da kakinsa yana ƙamshin maganin asu, ni kuma na sauka kamar yadda ƙuri'a ta ce. Sai dai doka ce tun ranar da aka koya mini tuƙi: direba ba ya barin jirgi sai ya zare hannun tuƙi ya tafi da shi. Na zare abina, ɗan ƙarfen tagulla mai nauyi, na jefa a jaka.

Injiniya ya gyara hula, ya dafa inda babu komai. Shi bai ma lura ba. Amma mutanen da suka san kowace ƙusa ta jirgin nan? Wani tsoho mai doguwar kyamara ya sauke ta.

"Ina hannun tuƙi? Wannan ai hoton ƙarya ne!"

Sahu ya kaure da surutu. Injiniya ya leƙo, kunnuwansa sun yi ja. "Madam Vondrova, don Allah miƙo."

"Yana wurin direba," na ce. "Inda ya je, can direba take zuwa."

"An kaɗa ƙuri'a!"

"A kan hula aka kaɗa. Ka riƙe hularka."

Tsohon nan ya duba agogo, ya ce shi fa jirgi ya zo ɗauka, ba ɗinkin tela ba. Injiniya ya sauko simi-simi. Na hau, na mayar da ƙarfen gurbinsa, na ɗora hannu.

Wata daga cikin baƙin ta ce in ɗan yi murmushi. Na ce direba hanya take kallo. Gaskiyar magana, ina buɗe baki kuka ne zai fito, kuma wallahi ba za su samu wannan ba. Na tsaya ƙyam har kyamara ta talatin ta gama. Sannan na buga ƙararrawa sau biyu, na ce wanda bai hau ba ya tako da ƙafa.