Wauta Ba Hauka Ba Ce

Tun da labari ya iske ta cewa Baba zai yi kyautar shagonsa na gyaran agogo ga mai gyaran takalmin da ke zama a bakin ƙofarsa, ta ce ruwa ba ya tsami banza. Mutumin nan mai yawan durƙuso, ita ba ta taɓa yarda da shi ba. Wa zai shekara goma yana share gaban shagon wani don Allah kawai? Ita kaɗai ce 'ya, kowa ya san shagon nata ne.

Ta ɗauki hutu a wurin aiki, ta tare a gidan tsohon tana sa masa ido. Ba ta kuwa rasa abin gani ba. Yakan yi hira da agogunan bango, har ya yi wa wanda ya makara faɗa. Yakan ɗora tabarau a kan tabarau. Sau biyu ya kira ta da sunan marigayiya mahaifiyarta. Duk ta kwashe ta kai wa lauya.

Lauyan ya sanyaya mata gwiwa. Ya ce doka ba ruwanta da mai hira da agogo; in don wannan ne, da rabin gari na asibiti. Abu uku take tambaya: ya san abin da zai bayar, ya san wanda zai ba, ya san wanda zai rasa? In ya sani, ko kyautar ta wauta ce, wauta ba hauka ba ce. Likita ne zai tantance. Ta fito tana zargin ko mai takalmi ya riga ta ganin lauyan.

Ta ce wa Baba awon jini za a yi masa. A bakin ofishin likita ya tsaya, ya karanta allon da ke cewa sashen masu taɓin hankali, sannan ya shiga.

Likita ya tambaye shi shagon, ya faɗi faɗinsa da tsawonsa har da inda rufin ke yoyo. Ya tambaye shi game da mai takalmi, ya lissafa masa har 'ya'yan mutumin. Sai likita ya yi tambaya ta uku.

"Baba, ka san in ka bayar, 'yarka ce za ta rasa?"

Tsohon ya juyo ya dubi 'yarsa.

"Na sani, likita. Da jiya ka tambaye ni, da na ce maka ba da gaske nake ba. Na faɗa ne don ta ji ta zo, na kwana biyu ban gan ta ba." Ya gyara zama. "Amma yau da gaske nake. In ka gama rubuta cewa hankalina ƙalau, ara mini biron."