Kwana Biyar Ina Haniniya

…kuma ba ma haniniyar ce mai wuya ba, Bidi, wannan kowa ya iya. Ɗan gurnanin nan ne da kake fara yi kafin ta, mai fitowa daga can ƙasan ƙirji kamar injin tirelar da bai gama kamawa ba — shi ne yake cin maƙogwarona. Kwana biyar ke nan. Kullum da hantsi ina tsugune a gindin turkenka, ƙato da ni, shekara arba'in da huɗu, ga furfura a gemu, ina jira Baba ya kaɗa harshe sau biyu daga cikin ɗaki, ƙyat-ƙyat, in amsa masa da muryarka. Muryar dokin da na binne da hannuna.

Yau kuwa ba daga ɗaki zai kira ba. Yau fitowa zai yi.

Tun a zaure Ya Fanne ta tare ni, ko gaisuwa ba mu gama ba. Wai ya tashi da sauƙi, ya shanye kunu kofi guda, ya ce a goge masa jiki a fito da shi ya shafa dokinsa. Ta faɗa tana kallona… kamar ina da wata dabarar a ɓoye. Ina zan samo ta? Ita ce fa ta fara. Ita ta ji abin da likita ya ce, hawan jini, ɓarin jiki ya riga ya shanye, ido ya tafi shekara uku, kada a kuskura a gaya masa abin da zai girgiza shi. Ranar da ka mutu ita ta riƙe ni a bakin rijiya ta ce, "Umara, kai da ka iya kukan kowace dabba, yau ga ranar amfaninka." Yayata ce, ban taɓa yi mata musu ba. Kuma gaskiya… gaskiya har wani ɗan daɗi na ji. A ce yau shaƙiyancina ne magani a gidan nan.

Ga ta can tana zuba ruwa a kwano. Fuska tukuna, sai hannuwa, sai ta canja masa riga. Minti nawa ke nan? Goma? Hular ma sai ya zaɓa da yatsu…

Ban share kashinka ba, ka gani? Na bar shi, har ruwa nake ɗan yayyafa masa don warin ya tashi, don hancin Baba ya fi idon wasu. Jiya na sayo harawa dami guda na ratsa da ita ta ƙofar ɗakinsa ina jan ta a ƙasa. Na buga bokiti. Na daddaki ƙasa da taɓarya sau uku, yadda kake yi in ƙuda ya dame ka. Har faɗa na yi maka da ƙarfi — kai Bidi, matsa mana, tsohon banza.

A ce na kai ka gonarmu ta Mamudo cin ɗanyar ciyawa? To wa ya yi haniniya jiya? Da tun ranar farko na faɗi haka, da yanzu ina zaune a wurin da nake facin taya ina shan shayi. Amma ina, sai da na nuna gwaninta. Ni na toshe wa kaina hanya, da bakina.

In aro doki? Dalhatu na Hausari yana da wani fari-fari… A'a. Wa za a yi wa wannan? Baba, Muhammadu Lawan? Mutumin da ya yi shekara arba'in yana dillancin dawaki, ya sa yatsa a bakin doki ya gaya maka shekarunsa ba tare da ya duba ba? Hannu ɗaya zai ɗora a wuya ya nemi tabon nan naka na waya, wanda ka samo a shingen makaranta — da ya rasa shi, shi ke nan.

Shingen makaranta… ni ne a kanka ranar ma. Na sace ka da azahar don in burge masu tallar gyaɗa. Ka dawo da jini a wuya, ni na dawo da ƙafa. Baba bai dake ni ba. Da ma ya daka. Ya zauna yana wanke maka ciwon da ruwan gishiri yana yi maka magana ƙasa-ƙasa, ni ina tsaye kamar turke, har magariba bai ɗago ya dube ni ba. Kai ne ɗan kirkin gidan nan, Bidi, kowa ya sani. Ni tun da aka koro ni daga aji shida saboda na yi muryar hedimasta na sallami 'yan makaranta gida da ƙarfe goma, Baba ya cire ni daga cikin mutanen da ake yi wa magana mai nauyi. Sau ɗaya tak na taɓa ba shi dariya. A kasuwar dabbobi, na ɓuya bayan wata mota na yi muryarka, wata goɗiya ta tsinke igiya ta taho nema. Ya yi dariya har ya dafa ni. Sannan ya ce, "Ka rage jan ƙarshen. Bidi ba ya roƙo."

To kwana biyar ɗin nan na rage? Ina ragewa kuwa? Jiya da na yi, shiru ya biyo baya, dogo… da can yakan ce "to, to, na ji ka." Jiya ya faɗa? Ya faɗa mana. Ko shekaranjiya ce?

An zubar da ruwan. Ta shiga ɗauko riga.

Abin nan yana danna mini cinya. Kwaɗon. Kusan mako guda yana aljihuna, na kasa mayar da shi, na kasa jefa shi a masai. Ya Fanne ta ɗauka ita ce ta manta ba ta kulle ɗakin hatsi ba, na ji ta tana istigfari tana cewa tsufa ya fara kama ta — na yi shiru. Ni da bakina ba ya rufuwa, na yi shiru.

Wasa ne fa. Wasan taubasai, wanda aka haife mu aka tarar. Babakura ɗan kawuna ne, shi ya fara, ranar Juma'a ya ɗinke mini ƙafar wando ina barci, na tashi zan tafi masallaci na kife a gaban mutane. To a bar shi haka? Na san in ya ci abincin rana yakan ja ƙofar shagonsa ya miƙe a kan buhunan. Kwaɗo kawai nake buƙata. Na shigo gaida Baba, na ga na ɗakin hatsi da makulli a jiki — minti talatin, na ce, in kulle shege daga waje ya yi ta bugu, in dawo da shi. Na ja ƙofar na tokare da dutse. Dutse, Bidi. Kai da kake buɗe sakata da leɓe. Kuma na san Baba ya hana a yi maka dabaibayi tun da ƙafafunka suka fara kumbura, ya ce tsoho ba a ɗaure shi a gidansa. Na sani. Duk na sani.

Ya yi ta bugu kuwa. Yana zagina ta ramin ƙofa, 'yan tasha suna kwance don dariya, ni ina yi masa muryar ɗan sanda. Minti talatin ya zama awa uku. Daɗi ya ɗebe ni. Lokacin da nake riƙe ciki ina hawaye don dariya, kai kana can kanka cikin buhun gero…

Rabin buhu. Sannan ka je ka shanye ruwan baho.

Washegari da hantsi ka fara waiwayar cikinka. Kana kallonsa, kana kallona. Gumi kamar an yi maka wanka. Ka kwanta, ka tashi, ka kwanta, za ka yi birgima ina jan ka — tashi, tashi don Allah — na fitar da kai ta ƙofar baya don kada Baba ya ji, na yi ta zagaya fili da kai, zagaye nawa, ban sani ba, duk 'yan unguwar Bolewa sun fito kallo. Wani ya ce kanwa, wani ya ce man gyaɗa, malamin dabbobi ya zo ya yi allura ya taɓa cikin da ya yi tauri kamar taya, ya tambayi shekarunka, na ce ashirin da takwas, sai ya kau da kai. Da la'asar ka durƙusa da ƙafafun gaba. A hankali, kamar yadda kake rage tsawo in Baba zai hau. Ka ɗora haɓa a kan takalmina.

Ko cizona ba ka yi ba. Kai da ka cinye wa Babakura hula biyu.

Babakura ne ya kawo a-kori-kura. Mutane suna cewa a ja ka bayan gari a yar, doki ne fa, ba mutum ba — shi ya ce a'a, gona za a kai shi. Mu biyu muka haƙa, gindin tsamiyar Mamudo, ƙasa ta yi tauri, hannuna ya fashe. Shi ya ga kwaɗon a ƙofarsa, ya san na gidanmu ne, da jan zaren da Ya Fanne ta ɗaura wa makullin. Tun muna yara bai taɓa barin kuskurena ya wuce bai yi mini waƙa da shi ba. Ranar ko tsokana ɗaya. Ya miƙo mini ruwa ya ce "sannu, Umara." Sannu. Da ya kwaɗa mini shebur ɗin da ya fi mini sauƙi.

Hanyar nan ta Mamudo… shekara guda cur kana kai Baba gona kana dawo da shi, ba wanda ya san idonsa ya tafi. Ba wanda ya sani. Ya hau, ya saki linzami, kai ka san inda za a tsallaka titi, ka san ka tsaya in tirela ta taho, ka san ƙofar da zai yi sallama. Mu 'ya'yansa muna cin tuwo da shi kullum ba mu lura ba. Kai ka rufa masa asiri. Sai ranar da ka yi ɗingishi ya fita da ƙafa, ya faɗa kwata a ƙofar gida. Idonsa ne kai. Idonsa na bar wa ƙofa a buɗe, don in ji Babakura yana bugun ƙyaure.

In na faɗa masa, wanne zan faɗa? Ya mutu — wannan ɗaya. Ni ne — wannan biyu. Kwana biyar ina yi maka wasa da hankali, Baba, ina kukan doki a bayan ɗakinka — uku. Wanne jijiyar kansa za ta ɗauka? In ya faɗi a hannuna fa? In bai faɗi ba, ya yi shiru irin na ranar ruwan gishiri, har ƙarshe?

Ya Fanne tana kira. Sau biyu ke nan.

Na miƙe. Labule. Warin man zafi da turare. Ta sa masa farar rigar, har da hula, kamar mai zuwa ɗaurin aure. Gefen bakin da yake motsi yana murmushi. A cinyarsa ɓawon kankana ne cikin leda — ajiye maka ya yi, tun jiya.

"Shaƙiyyi, ka iso? Juyo bayanka."

"Baba, rana ta yi zafi, ko a bari sai…"

"Juyo."

Ya Fanne ta ɗora mini shi, ba ta yarda mun haɗa ido ba. Ba nauyi. Wannan ne mutumin da yake danne ingarma da hannu ɗaya? Harawar jiya ta fi shi nauyi. Hannunsa mai lafiya ya zagayo wuyana, ledar tana bugun ƙirjina, numfashinsa a kunnena, ƙasusuwan ƙirjinsa a bayana ɗaya-ɗaya.

Bakin ƙofa. Tsakar gida. Yanzu zan faɗa. In na kai rijiya zan faɗa… ga rijiyar, na wuce ta. Baba, akwai magana — a'a, bai fito ba, a ciki na faɗa. In na kai turmi. Tafi a hankali, Umara, rage taku. Ko in yi tuntuɓe? In ce cikina ya murɗa? In ce —

Ƙyat-ƙyat.

A kunnena. Ya kira ka.

Kuma ga shi ya taso da kansa, gurnanin, daga ƙasan ƙirji, kwana biyar sun koya wa jikina, har na buɗe baki… Ƙirjinsa yana manne da bayana. In na yi, ba daga turke zai ji ba. A jikina zai ji, a haƙarƙarinsa.

Na haɗiye. Ba abin da ya amsa. Kaza ce kawai take tono a inda kake tsayawa.

Ya saki wuyana. Ya miƙa hannun ta saman kafaɗata, tafin a buɗe, daidai tsayin goshinka… yana jira. Saura taku uku, Bidi. Na tsaya. Hannun bai sauka ba.